Sitacin Funtuwa a Jikin Firaminista

Tun da na dawo daga Doha ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta gaban teburin Ɗanjuma mai shayi kullum sai an sa ni na maimaita, kuma na lura duk sanda labarin ya bar bakina ya shiga na wani sai ya ƙara kitse. Shekaranjiya na ji ana cewa wai shugabar wata ƙasa ta ba ni mota. Ko keke ba ta ba ni ba. Abin ya dame ni, domin ina tsoron a yi ta ƙarya da sunana in sami rabo a cikin zunubin. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru. Karatuna bai wuce firamare ba, in an ga kuskure a yi mini uzuri. Ba zan faɗi sunan otal ɗin ba, ko na matar, ko na ƙasarta, saboda ranar da aka ɗauke ni aiki na sa hannu a takarda cewa ba zan fitar da sunan baƙo ba, kuma ban ga inda aka rubuta cewa alkawarin ya ƙare in mutum ya koma gida ba.

Sunana Haladu. Wanki da guga ce sana'ata, gadonta na yi. Wanda ya kai ni Doha shi ne Yaya Isiyaka, aminin yayana marigayi, wanda ya shekara tara yana aiki a ɗakin wankin wani babban otal a can. Da lokacin tarurruka ya zo otal ɗin ya nemi ƙarin hannu na wata uku, sai ya ba da sunana. Da ya kira ni a waya abu ɗaya ya maimaita sau uku.

"Haladu, ni na tsaya maka. Duk abin da ka yi a can, ni na yi. 'Ya'yana biyar da uwarsu da wannan aikin suke ci."

Na ce, "In sha Allahu ba zan ba ka kunya ba, Yaya."

Daga Funtuwa zuwa Kano babu wani labari, sai dai na ciro fasfo na duba ya fi sau goma, har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce, "Ɗan nan, in ba ka bar shi ya huta ba hoton zai goge." Jirginmu na yamma ne, ni kuwa tun hantsi ina filin jirgi. Hauwa, mai ɗakina, ta haɗa mini yaji da kuka da kilishi. Ni kuma da hannuna na ƙara ƙulli biyu na sitacin rogo, irin wanda nake jiƙawa in tace da kaina, don ban san irin nasu ba, kuma ban taɓa guga da na wani ba.

A cikin jirgi Allah ya haɗa ni da wani likita ɗan Bauci da ke aiki a can. Shi ya ɗaure mini bel, shi ya tabbatar mini naman da aka kawo halal ne, bayan na tambaye shi sau biyu. Da lokacin salla ya yi na ce ina ne gabas, ya ce, "Malam Haladu, jirgin nan da kansa juyawa yake yi. Yi sallarka a zaune." Na yi, amma da muka sauka a ƙasar da ake canza jirgi na sake ta, don hankalina bai kwanta ba.

A filin jirgin Doha aka buɗe jakata. Kilishi dai bai shiga ba, an ajiye shi gefe. Sai jami'in ya ɗago ƙullin farin gari ya tsaya yana kallona. Nan take na gane hodar iblis yake zato. Ya kira wani, wanin ya kira wata mata mai safar hannu. Turancin nawa kaɗan ne, kuma duk ya gudu. Da na rasa yadda zan yi sai na miƙa masa hannun rigata, wadda na sa wa sitaci tun a gida, na kwatanta masa guga da ɗaya hannun. Ya taɓa rigar ya ji ta tsaya ƙyam. Ya taɓa nasa mayafin kai, wanda shi ma ya sha sitaci, sai ya yi murmushi. Duk da haka sai da suka gwada garin a wata na'ura kafin ya ce, "Khalas, yalla," wato an gama, wuce. Yaya Isiyaka na jirana a waje. Da na ba shi labari ya riƙe kai.

"Ka ratso ƙasashe da garin rogo? Mutanen nan da injin suke fesa sitacinsu."

"Na yi tsoron kada nasu ya ƙi hannuna, Yaya."

"Ɓoye shi ƙarƙashin katifa. Kada in sake ganinsa."

Masaukinmu yana wata tsohuwar unguwa da ake kira Fereej Abdel Aziz, cike da ƙananan shaguna da gidajen haya. Mu shida ne a ɗaki, gado kan gado, ni a sama. Babbanmu Baba Awudu ne, Bahaushen zangon Kumasi, mai gadi, shi ke mana girki ran hutu. Abincin garin shinkafa ce, yau da kaza, gobe da rago, jibi da kifi, sai burodi mai faɗi kamar faifai da wani shayi mai kauri da suke kira karak. Sati na farko cikina ya yi ta ƙorafi, sai da Baba Awudu ya tuƙa mana tuwon semo na kaɗa kukar Hauwa sannan na ji na iso.

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki. Da rana ruwan famfo zafi gare shi kamar an dafa. Babu mai zama a ƙofar gida. Gaisuwa ma ba ta da tsawo, in ba tsakanin 'yan ƙasar ba, waɗanda maza ke haɗa hanci da hanci. Ranar farko na shiga lif na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya har da tambayar iyali, kafin in kai kan na ƙarshe sun fita. Ran Juma'a mukan je Al Wakrah, bakin teku, mu sayi kifi a hannun masunta. Amma abin da ya fi ɗaukar idona shi ne farin kayan mutanen. Mutum zai fito daga mota jallabiyarsa babu ko lanƙwasa ɗaya. Na ce a raina, a nan ma dai an san cewa mutuncin babba yana jikin rigarsa.

Ɗakin wankin yana ƙarƙashin ƙasa. Sufabaizanmu wani ɗan Sirilanka ne, Mista Nimal, mutum mai tsare doka amma ba mugu ba. Doka ta farko da ya karanta mini ita ce, sabon ma'aikaci tawul da zanen gado kawai zai taɓa. Kayan manyan baƙi suna zuwa da jan tikiti, kuma tsofaffin ma'aikata ne kaɗai ke karɓa da lambarsu. Wanda ya miƙa wa sabo jan tikiti, kora ce. Sati bakwai na yi ina ninke tawul ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Sai babban taron ya zo, otal ya cika da shugabanni. A cikinsu akwai wata mata, firaministar wani ƙaramin tsibiri can tsakiyar teku. Mun fara jin labarinta daga masu shara. Sun ce da kanta take gyara gadonta, kuma ta tambayi kowaccensu sunanta da garinsu, washegari ta kira su da sunayen ba ta manta ba. Yaya Isiyaka ya duba a wayarsa ya ce ƙasar tata, in ka tashi da mota bayan azahar, kafin la'asar ka zagaye ta.

Baba Awudu ya ce, "Ashe ma unguwa ce."

Yaya Isiyaka ya ce, "Unguwar da ke da tuta da kujera a taron duniya. Kai ina taka kujerar, ban da ta gadi?"

Ranar da za ta yi jawabi, da misalin ƙarfe tara na safe, aka sauko da rigarta da jan tikiti. Rannan biyu daga cikin tsofaffin ma'aikata an tura su wani reshe, Yaya Isiyaka kaɗai ya rage a kan kayan manya. Waya na ta ƙara, hawa na goma sha biyu na jiran kwat, na sha biyar na jiran jallabiya. Ya sa lambarsa a tikitin, ya waiga bai ga Mista Nimal ba, sai ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Rataye ta ka ɗan bi ta da tururi kawai. Minti biyar ne. Bari in kai waɗannan."

Na rataye ta. Doguwar riga ce ta auduga, saƙar hannu, launinta kamar na madara. Amma a cukuikuye take tun daga wuya har ƙasa, kamar wadda aka matse aka cusa a buhu ta shekara. Na bi ta da tururi, ba ta miƙe ba. Na sake, na sake. Ko gezau. Na ce yanzu matar nan za ta tsaya gaban sarakunan duniya, masu fararen jallabiyoyin nan, da riga haka, a ce daga hannun wa ta fito? A duba tikiti a ga lambar Yaya Isiyaka. A Funtuwa ko kansila ba zan bari ya fita da irinta ba.

Gaskiya ita ce ban ɓoye sitacin duka a ƙarƙashin katifa ba. Akwai ɗan ƙulli a cikin akwatina na wurin aiki, da na ajiye don hulata. Na ɗauko, na dama da ruwan zafin butar shayi, na tsoma rigar, na busar da ita rabi a injin, na shimfiɗa ta na bi ta da dutsen guga ciki da baya. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar na rannan ba. Ta miƙe sumul, tana sheƙi. Na ninke ta yadda muke ninke babbar riga, na danne, karin guga ya fito gida-gida, a layi. Na sa a leda, mai kai kaya ya zo ya ɗauka.

Da Yaya Isiyaka ya dawo na gaya masa da farin ciki. Ya nemi kujera ya zauna.

"Haladu, haka rigar take. Haka aka saƙa ta. Cukuikuyewar ita ce adon."

Kafin in gama fahimta wayar bango ta yi ƙara. Mista Nimal ya ɗauka, fuskarsa ta sauya. Ana neman mai lambar a sama yanzu-yanzu. Ya ce in biyo su in riƙo injin tururi, ko za a iya ceto wani abu.

A cikin lif Yaya Isiyaka ya yi mini magana da Hausa, idonsa na kan ƙofa.

"Ka saurare ni da kyau. Ni na yi. In ni na ɓata riga, gargaɗi za a ba ni. In aka san na ba ka jan tikiti, na tafi. Ka rufe bakinka."

"To, Yaya."

Wadda ta buɗe mana ƙofa wata dattijuwa ce mai tabarau, mai kula da al'amuran firaministar, bari in kira ta Mis Ina, ba shi ne ainihin sunanta ba. Rigar tana kan kujera, tsaye take kusan da kanta. Mis Ina ta fara faɗa, Mista Nimal na ba da haƙuri. Sai ga firaministar kanta ta fito daga ɗakin ciki da takardu a hannu. Gajeriya ce, baƙa, kakkaura, gashinta ya yi furfura kuma ta aske shi ƙasa. Silifas ne a ƙafarta. In ka gan ta a kasuwar Funtuwa sai ka ce mai sayar da manja ce. Amma da ta ce, "Ina, ya isa," ɗakin ya yi tsit.

Ta ɗaga rigar, rigar ta yi ƙara kamar sabuwar shadda. Ta shinshina. Tambaya uku ta yi, Yaya Isiyaka ya amsa biyu. Sitacin zai fita? Zai fita in an wanke. Kafin ƙarfe ɗaya, lokacin jawabinta? A'a, ba za ta bushe ta koma yadda take ba. Sai ta uku.

"Wannan ba sitacin gwangwani ba ne. Na rogo ne. Kakata da shi take yi. A ina otal ya samo rogo?"

Yaya Isiyaka ya fara lalube. Ta bar shi ta juyo kaina, ta dubi hannuna. Akwai busasshen sitaci a gefen farcena. Ta tambaye ni a hankali, da Turancin da ko ni na gane, "Kai ne?"

Na sha tunanin wannan lokacin. Na yi wa Yaya Isiyaka alkawari a lif, minti biyar bai cika ba. Da ba ta tambaye ni ba da na yi shiru har abada. Amma an dube ni an tambaye ni, kuma ban iya cewa a'a ba. Na ce, "Ni ne, Madam." Na ji numfashin da Yaya Isiyaka ya saki a bayana.

Ta ce me ya sa. Na haɗa 'yan kalmomina na ce a garinmu babban mutum ba ya fita da riga a yamutse, abin kunya ne ga mai wankinsa. Ta tsaya tana kallona, sannan ta yi 'yar dariya gajeriya.

Mis Ina ta ce a ɗauko shuɗiyar kwat. Firaministar ta ce a'a. Wasu mata ne na wani ƙauyen bakin teku suka saƙa rigar, bayan guguwa ta kwashe musu rufin gidaje, kuma ta yi musu alkawari da ita za ta tsaya gaban manyan duniya.

"Na ce musu zan sa. Ban ce musu za ta yi laushi ba."

Da muka fito Mista Nimal bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Yaya Isiyaka ya ajiye aiki ya koma masauki, manaja zai yanke hukunci jibi in baƙi sun ragu. Ya ƙara da cewa, "Ka san dokar."

A talabijin ɗin ɗakin cin abincin ma'aikata na kalli jawabin. Ta hau mumbari rigar na tsaye a jikinta, ga karin gugata nan gida-gida, duniya na gani. Duk sanda ta ɗaga hannu sai lasifika ta ɗauko ƙarar. Ban gane yawancin maganar ba, amma wani ɗan Kenya ya fassara mini. Ta ce teku na cinye ƙasarta taku bayan taku, makabartar da aka binne mahaifinta yanzu ruwa ke kwana a kai, kuma ba su ne suka ɓata sararin sama ba. Ta ce ba roƙo ta zo ba, ta zo ne ta ji ranar da za a cika alkawarin da aka riga aka yi. Manyan ƙasashe na zaune a gabanta, tana nuna su da yatsa kamar malama a aji. An tafa mata a tsaye. Ni dai abincin bai shiga ba.

A masauki Yaya Isiyaka bai yi mini magana ba. Na gaishe shi ya amsa da ka. Baba Awudu ya ce mini, "Kai ma dai, gaskiya ba a hana ka faɗi ba, amma sai ka duba wa za ta faɗo wa a kai."

Washegari da hantsi Mis Ina ta sauko ɗakin wankin da kanta, da rigar a hannu. Ta ce Madam ta ce wanda ya sa sitacin shi zai cire. Aka ba mu baho a gefe. Na wanke da ruwan sanyi sau huɗu, ita kuma ta nuna mini yadda matan ƙauyen ke yi. A murɗe rigar tana jiƙe kamar igiya, a naɗe ta, a bar ta ta bushe a haka. Muna riƙe da baki-baki muna murɗawa ta fara ba ni labari. Turancinsu na gida ya yi kama da Turancin buroka da nake ji a bakin kwastomomina 'yan kudu, don haka na tsinci da yawa.

Ita da Madam tare suka yi firamare. Mahaifin Madam masunci ne, su bakwai ya haifa, ita kaɗai ta yi karatu mai nisa. Malamar makaranta ta zama, har ta kai hedimasta. Siyasa ba ta cikin lissafinta, sai da rufin makarantarta ya shekara uku yana yoyo, ta yi ta rubuta wasiƙa babu amsa. Rannan ta kwashi ɗalibanta da allo ta je ta yi darasi a barandar ofishin ministan, kullum, har aka gyara. Daga nan mutane suka ce ta tsaya zaɓe. Ta faɗi. Ta sake tsayawa, ta sake faɗi. Mazan jam'iyyar suna kiranta Hedimasta don ba'a, ita kuwa ta sa aka buga sunan a jikin fastarta. Karo na uku ta ci. Ta riƙe ma'aikatar ruwa, sannan ta lafiya, kafin jam'iyyar ta rasa wanda mutane za su yarda da shi sai ita. Da babbar guguwar ta zo, kwana goma sha ɗaya ta yi tana kwana a wata makaranta tare da waɗanda suka rasa gida, ta ce ba za ta koma gidan gwamnati ba sai an maido wuta a asibiti.

Na ce, "Lallai mai tausayi ce."

Mis Ina ta dube ni ta saman tabarau. "Tausayi? Ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya yana aikin tashar jirgin ruwa. Ya bar kwale-kwalen abokinsa ya wuce ba a duba ba. Kowa ya ɗauka za ta sa baki. Ta bari aka kore shi. Shekara huɗu mahaifiyarsu ba ta ci abincin hannunta ba. Akwai masu ƙinta da yawa a gida, kuma ba duka ne marasa hujja ba. Ba ta jin shawara in ta riga ta yanke. Ni kaina ta sha sa ni kuka."

Da ma ina ta tara ƙarfin halin roƙo ne. Wadda ba ta ceci ƙaninta ba, ina za ta ceci wani Isiyaka? Duk da haka na faɗa. Na ce mutumin da za a kora shekararsa tara, ni ne na saɓa abin da ya ce, tururi kawai ya ce in yi. In dole sai an kori wani, ga ni. Mis Ina ta ce za ta isar, amma kada in sa rai.

Ranar tafiyarsu da safe aka kira mu ofishin manaja, ni da Yaya Isiyaka da Mista Nimal. Muna shiga muka tarar da ita a zaune da jakarta a cinya, motoci na jiranta a waje. Ba ta dube mu ba ma sosai. Ta ce wa manajan ba ta shigar da ƙara ba kuma ba za ta shigar ba. Ta ce doka tasu ce, ba ta zo ta ce a karya ba, mutumin nan ya saɓa, a rubuta masa. Sai ta ce tana da tambaya ɗaya. Mutum nawa ne ke kan kayan manyan baƙi a safiyar rannan?

Manajan ya dubi Mista Nimal. Mista Nimal, Allah ya saka masa, ya ce, "Ɗaya."

"Ya kamata su zama nawa?"

"Uku."

"Wa ya ɗauke biyun?"

Manajan ya gyara zama, ya ce ofishinsa ne. Ta ce to, in za a rubuta laifin a fara daga nan, a gangaro. In an kori na ƙasa an bar na sama, wannan ba doka ba ce, kuma ita ta san bambancin, domin ta taɓa biyan kuɗin doka da ɗan'uwanta. Ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya kusa da ni ta ce rigar ta koma daidai, kuma kakarta da ta ga karin gugar nan da ta ba ni aiki. Shi ke nan. Duka bai fi minti shida ba.

Ni ba malami ba ne, ba zan shiga gardamar da ake yi a majalisa kan shugabancin mata ba. Abin da na gani kawai na faɗa. Na yi wa manya wanki shekara ashirin da wani abu, na san yadda babba ke yi in an ɓata masa riga, na kuma san yadda yake yi in yana so a ce yana da kirki. Ita ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambayi mutum nawa ne ke bakin aiki.

Hukuncin ya fito da yamma. Yaya Isiyaka ya sami takardar gargaɗi, ya koma aikinsa. Ni kuma, saboda na shigo da abin da ba na otal ba na sa a kayan baƙo, aka yanke kwantiragina saura wata guda. Ban ga zalunci a ciki ba. Na yi.

Yaya Isiyaka ne ya raka ni filin jirgi. Muna cikin bas, mun wuce unguwar Al Thumama, har lokacin maganarmu ba ta wuce gaisuwa ba. Sai da muka sauka na kasa daurewa.

"Yaya, da na yi shiru rannan, da ya fi?"

Ya daɗe yana gyara igiyar jakata da ba ta kwance ba.

"Da na ji daɗi a ranar," ya ce. "Kwana biyun nan ban san inda kaina yake ba, kuma kai ka jawo. Wannan ba zan ɓoye maka ba."

"Ka yafe mini."

"Na yafe tun jiya, bakina ne ya yi nauyi." Ya miƙo mini jakar. "In sun sake neman mutane baɗi, zan ba da sunanka."

"Bayan abin da na yi?"

"Ina da mutum ashirin a Funtuwa da za su iya yi mini ƙarya. Wanda zan bar wa makullin ɗakina kai ne. Amma tawul, Haladu. Tawul kawai."

Na ce na ji. Iyakar abin da ya faru ke nan, wanda ya ƙara wani abu a kai nasa ne. Yaya Isiyaka yana nan a bakin aikinsa, ya shiga shekara ta goma, kuma ran Juma'ar da ta wuce shi ya fara kirana.